Ɗakin Inna a Baranda

Akwai wani tela da mutanen layinsu ke kira Mai Bene, alhali gidansa na ƙasa ne, ɗaki biyu da falo da baranda. Lokacin da ya yi ginin, ya sa an yi masa rufin siminti, an bar rodi a tsaye a sama, don ranar da zai ɗora bene. Shekara goma sha ɗaya rodin nan suna kallon sama. Matarsa ta ɗaura musu igiya tana shanya.

Ana nan sai aka yi wa mahaifiyarsa aiki a gwiwa, ta dawo gidansa da zama. Ɗaki ɗaya nasa ne da matarsa, ɗaya kuma 'ya'yansa mata huɗu sun cika shi. Sai aka ja wa Inna labule a kusurwar falo, aka shimfiɗa mata katifa.

Kullum Inna kan riga kowa tashi ta naɗe katifar, kada baƙo ya shigo ya same ta a kwance. Idan za ta sauya kaya, sai ta dogara sanda ta tafi banɗaki. Ba ta taɓa cewa komai ba.

Yayarsa ce ta yi magana ranar da ta zo dubiya.

"Ƙanena, in wata ya ƙare Inna ba ta da ɗaki mai ƙofa, zan zo in tafi da ita."

"Haba Yaya, bene zan ɗora. Mu koma sama, Inna ta ɗauki ɗakinmu."

"Tun ina goyon ɗan farina nake jin benen nan. Yanzu yaron ya fi ni tsawo."

Daga ranar Mai Bene bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya hau keken ɗinki, ya yi layi biyu, ya tashi. Ya dawo gida da rana tsaka, ya kafa tsani, ya hau rufi da tef ɗin awo a wuya. Ya auna tsawo, ya sauko, ya manta, ya sake hawa. Har wandon wani ya yanke, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Ya kira tsohon maginin da ya yi masa gidan. Magini ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya girgiza kai.

"Maigida, ni na haƙa harsashin ginin nan. Ka tuna ka ce in rage zurfi don a gama da wuri? Ba zai ɗauki bene ba."

"To rodin fa?"

"Rodin sun yi kyau da shanya." Ya nuna baranda da yatsa. "Ga ɗaki nan an yi maka rabi. Akwai rufi, akwai daɓe, akwai bango biyu. Ka ƙara bango biyu, da taga, da ƙofa. Kwana biyar na gama. Kuma babu matakala ko ɗaya tsakaninta da banɗaki."

"In toshe baranda? Fuskar gidan ke nan. Duk wanda ya wuce zai ce na gaza."

Matarsa ta ce a hankali, "Baban yara, mu fa ba ma zama a barandar nan. Tsohon keke ne a ciki da bokitai."

"Ke ba ki san gini ba."

Ya sallami tsohon, ya nemo wani maginin da ya ce masa komai zai yiwu. Aka kawo bulo, aka yi ta jidarsa zuwa kan rufi, aka tara a gefe ɗaya, daidai saman falo.

A rana ta uku, babbar 'yarsa ta je shago ta kira shi. Bangon falo ya tsage, daga sama har kusa da taga, ƙurar siminti ta zubo a kan matashin Inna.

Ya iso gida yana haki. Ya sami Inna zaune a baranda, a kan bokitin da aka kife, jakarta a cinya.

"Inna, ina za ki?"

"Na sa an kira yayarka."

"Ki ƙara mini haƙuri. Wata biyu kawai. Sama za a yi ɗakuna uku, har da..."

"Auta." Rabon da ta kira shi haka tun kafin ya yi aure. "Wata uku ke nan ban rufe ƙofa a bayana ba. Ni ban ce ka gina mini abin da mutanen layi za su ɗaga kai su kalla ba. Inda zan miƙe ƙafata in shafa magani ba tare da ina sauraron takun mutum ba, shi nake so."

Yaya ta zo, ta kama hannun Inna ta sa ta a mota, ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari da safe ya je gidan tsohon magini da kansa. Tsohon bai yi masa gori ba, cewa kawai ya yi, "A fara sauke bulon nan kafin ya sauko da kansa."

Bulon da aka hau da shi don bene, da shi aka ja bangon baranda. Aka ɗinke tsagar falo, aka fasa ƙofa daga ciki, aka sa taga ta gefen da iska ke shigowa. Mai Bene ya ɗinka labulen tagar da hannunsa, ya sa kafinta ya kafa sakata ƙasa ƙasa, inda mai zaune a bakin gado zai iya kaiwa.

Sai da ya je gidan Yaya sau biyu kafin ta yarda ta dawo da Inna.

Inna ta shiga ɗakin, ta duba gado, ta duba taga. Sannan ta tura ƙofa, suka ji ƙarar sakata. Suka tsaya a falo cirko-cirko. Da shirun ya yi yawa, sai ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"To, ka jira. Ina hutawa."

Darasi: Kafin ka ɗaga kai kana neman abin da za a gani a yaba maka, duba abin da ke gabanka, ka kuma tambayi wanda kake yi wa aikin me yake bukata. Sau da yawa wurin da muke nema yana cikin gidan, girman kai ne ya cika shi da tarkace. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wata tsohuwa a bayan labule da ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba.