Koren Zare a Bakin Riga

Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata shagon wanki da guga. Shekara talatin yana tsaye a shagon nan, ita kuwa iyakarta bakin ƙofa in ta kai masa abinci.

Babban ɗansu ne ya karɓi ragama. Ya yi karatu mai zurfi, har ma'aikata suka laƙaba masa Manaja. Ya sake fenti, ya sayo kwamfuta, ya ce daga yau kowace riga a manna mata takarda mai lamba.

Ba a yi wata shida ba kaya suka fara cakuɗewa. Wandon wannan ya tafi gidan wancan. Masu kawo wanki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Umma, sayar da shagon nan za mu yi," in ji Manaja. "Ma'aikatan ne ba su da kai."

A duk faɗin duniya, nan ne kaɗai ƙanshin sabulu da hucin dutsen guga ke dawo mata da mijinta.

"Ba ni mako ɗaya in zauna a ciki."

"Ki yi me, Umma? Ko kunna kwamfuta ba ki iya ba."

"Ai ido ba a kunna shi," ta ce.

Ranar farko ta zauna a kujerar marigayi, ba ta ga komai ba sai rashinsa.

Rana ta biyu ta leƙa wurin ɗauraya, ta ga guntayen takarda suna yawo a kan ruwa. Ta dawo ta tarar da Dogo, tsohon mai guga, ya ɗaga wata riga yana jujjuya ta.

"Dogo, ta wane ce?"

"Wallahi Hajiya, canki-canka nake yi. Lambar ta bi ruwa."

Rana ta uku wani tsohon malamin makaranta ya shigo da ƙunshin kaya. Ya ce, "Albarkacin marigayi ya kawo ni. Amma in rigata ta sake ɓata, mun yi sallama ke nan."

Ta karɓa da hannunta. Tana warware wata tsohuwar riga sai yatsanta ya taɓa wani abu a bakinta ta ciki. Ta duba: ƙulli uku ƙanana, na koren zare.

Zarenta ne. Shekara da shekaru tana mita a kan zaren da ke ɓacewa daga gwangwanin ɗinkinta, mijinta kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ɓeran gidan nan tela ne."

Dogo ya ce, "Haka marigayi yake yi. Kowane gida da launinsa da yawan ƙullinsa. Yana gaisawa da mutum yana ƙullawa. Ruwa ba ya cin zare."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni, Hajiya? An ce tsohon yayi ya wuce."

Ta kira ɗanta. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa ruwan ɗauraya, ta nuna masa bakin rigar, ta ce, "Riƙe kwamfutarka, tana da amfani. Rubuta launi da ƙulli a gaban sunan kowa. Takardar dai a daina manna ta."

Manaja ya sunkuyar da kai, ya jawo kwamfutar.

Wata guda ya cika, ko safa ba ta ɓata ba. Malamin ya dawo, ya jawo maƙwabtansa. Maganar sayarwa ta mutu murus.

Wata safiya ta sami Manaja yana fama da allura, ya soki yatsa sau biyu.

"Umma, Baba bai taɓa nuna mini wannan ba."

"Ni ma bai nuna mini ba," ta ce, idonta ya ciko. "Da na sani, da da kaina zan riƙa sayo masa zaren."

Darasi: Kafin ka rushe tsarin da ka tarar, zauna ka duba yadda aiki ke tafiya, ka kuma tambayi wanda hannunsa ke ciki. Gyaran sana'a sau da yawa a gaban ido yake, girman kai ke rufe shi. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, wataƙila shagonsa ido kawai yake jira.