Rabin Takardar da Ta Yanke

Akwai wata mata mai ɗinki da 'yan layinsu ke kira Ƙarasau. Ba mugun hali ne ya jawo mata sunan ba. Mace ce mai tausayi da kyauta, sai dai ba ta iya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Ka fara zance, kafin ka haɗiyi yawu ta ƙarasa maka shi, ta kuma ba ka amsa. Mai kawo ɗinki za ta ce tana so a yi mata hannun rigar, ba ta faɗi dogo ko gajere ba, Ƙarasau ta riga ta ɗora almakashi. Marigayi mijinta yakan ce da ana sayar da shiru a kasuwa, da buhu guda zai saya mata.

Ɗanta namiji ɗaya ne, shekararsa ashirin da takwas. Fentin gidaje yake yi, kowa Fenta yake ce masa. Allah ya ba shi hannu. Yakan ja layi tsakanin bango da silin ba tare da ya manna komai ba, layin ya fito kamar an sa zare. Ta ƙofar ciwon baya ƙwaya ta shigo masa. Wani abokin aiki ne ya ba shi guda, ya ce da ita zai wuni a kan tsani bai ji komai ba. Guda ta zama biyu, biyu ta zama sai da ita ake tashi. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ta ɗauki 'yarsu mai shekara huɗu ta koma gidan iyayenta. Fenta ya dawo ɗakin ƙofar gida wajen uwarsa.

Tun daga nan zama ya gagari Ƙarasau. Ta taka keke kaɗan ta tashi, ta leƙa ƙofa, ta dawo, ta manta inda ta ajiye allura. Idan ya shigo idonsa take fara dubawa kafin ta amsa sallama. Da safe nasiha, da rana faɗa, da yamma kuka. Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: "To, Inna." Babu abin da ya canja.

Wata mai kawo ɗinki ce ta gaya mata akwai wani sashe a asibiti inda ake zama da masu irin wannan larura. Washegari ta tasa shi gaba. Ɗakin ƙarami ne, kujerun roba uku, da fanka mai ƙara duk lokacin da ta juyo hagu. Malamar da ke wurin ba ta wuce sa'ar Fenta da yawa ba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tambaye shi abin da ya kawo shi, Ƙarasau ta amsa. Ta tambaye shi tun yaushe ya fara, Ƙarasau ta faɗi shekara da wata. A tambaya ta uku Malama ta roƙe ta cikin ladabi ta ɗan jira a bencin waje.

Bencin yana ƙarƙashin taga, gilashi ɗaya ya fashe, don haka maganarsu tana iso mata. Ta zauna tana jiran ta ji an yi masa faɗan da zai ratsa shi. Sai ta ji Malama tana tambayarsa wai me ƙwayar take yi masa da yake so. Malama ta jira shi, har Ƙarasau ta ɗaga kai za ta amsa ta taga. Daga baya Malama ta ce daga ɗaya zuwa goma, nawa yake son bari. Ya ce huɗu. Da Ƙarasau ce, cewa za ta yi don me ba goma ba.

Malama ta ce, "Huɗu. Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?"

Nan Fenta ya fara magana. Ba ta ji duka ba saboda fankar, amma ta san rabon da ta ji muryarsa ta yi tsawo haka ya fi shekara.

A hanyar gida ta yi ta mita. Ba allura, ba magani, ko tsawa ba a daka masa ba, wannan wane irin asibiti ne? Amma Larabar da ta zagayo, ranar da Malama ta ce ya koma, Fenta ya yi wanka ya tafi da ƙafarsa, ba wanda ya tuna masa. Ta gaba ma haka. Ya fara cinye abincinsa. Ƙarasau ta ga duk wannan, amma abin da take lissafawa daban ne: mako uku ke nan, kuma har yanzu yana sha.

Wata Asabar tana wanki ta sa hannu a aljihun wandon aikinsa, ta ciro takarda a ninke. An raba ta biyu da layi miƙaƙƙe, irin na hannunsa. A gefe ɗaya ya rubuta abin da ƙwayar take ƙwace masa. Hannunsa ya fara rawa, layi ba ya miƙewa sai ya maimaita. 'Yarsa ta ɓuya a bayan uwarta ranar da ya je ganinta. A can ƙasa ya sa: "Ranar Laraba zan tambayi Malama yadda ake ragewa." Ƙarasau ta zauna a bakin baho ta yi kukan murna.

Sai ta duba ɗaya gefen, inda ya rubuta abin da ƙwayar take ba shi. Bayansa yana daina ciwo. Ba ya jin kunyar shiga mutane. Na ukun shi ne ya soke ta: "Idan Inna ta fara, ba na ji."

Ta bar wankin a jiƙe. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Ashe abin da ake koya masa ke nan, ya zauna yana jera amfanin guba? Ta ɗauki almakashinta ta bi layin nan ta raba takardar, ta jefa rabin a murhu, ta ninke rabin da ya yi mata daɗi ta sa a gefen zaninta.

Laraba saura kwana huɗu, amma a wurinta kamar shekara huɗu ne. Idan ya canja ra'ayi fa? Idan abokan nan suka hure masa kunne fa? Ranar Litinin ta aika aka kira Baffansa, ƙanin marigayi, da kuma surukin Fenta, uban matarsa. Wallahi da kyakkyawar niyya ta yi. So take surukin ya ji da kunnensa cewa yaro ya yi nadama, ko a maido masa da iyalinsa.

Fenta ya dawo daga aiki da la'asar, fenti har gira, ya tarar da manya a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe su. Uwarsa ta warware takardar ta karanta da ƙarfi, layi bayan layi, har da zancen 'yarsa da ta ɓuya. Surukin ya sunkuyar da kai. Baffa ya gyara zama ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda da hannunsa ya rubuta, ba sai an jira wata Laraba ba, ya shiga ya kwaso abin da ya rage, ya rantse a gabansu yau.

Fenta ya daɗe yana kallon gefen takardar inda almakashi ya bi.

"Inna, ina ɗaya rabin?"

"Wannan shirmen? Na ƙona."

Ya gyaɗa kai. Da ya buɗe baki, ba muryar da ta ji ta taga ba ce ta fito. Ya ce a cikinsu babu wanda ya taɓa yin awa tara a kan tsani da ciwon baya. Ya ce hannunsa lafiya lau yake, ya miƙa shi su gani. Ya ce yara duk haka suke ɓuya. Baffa ya kawo hujja, ya mayar da biyu. Surukin ya sa baki, ya mayar masa. Ƙarasau tana tsaye da takarda a hannu, tana jin ɗanta yana rushe duk abin da ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa.

Laraba ta zo, bai yi wanka ba. Ta gaba ma bai je ba.

Ita ce ta je, da niyyar yi wa Malama tatas. Malama ta bar ta ta zazzage duka, ta ce ba za ta iya faɗa mata abin da suka tattauna da shi ba, amanarsa ce. Amma ta yi mata bayani a hankali. Ta ce mai wannan larura zuciya biyu gare shi, ɗaya tana so ya bari, ɗaya tana so ya ci gaba, kuma duk ɓangaren da ka tsaya masa a kai, ɗayan zai kama. Shi ya sa ake barinsa ya faɗi duka biyun, ya auna da kansa.

"Mama, hujjar da ya faɗa da bakinsa ita ce tasa. Da kika karanta ta da bakinki sai ta zama taki. Shi kuwa ya saba..."

"Musu da ni," in ji Ƙarasau, sannan ta kama bakinta.

Ba a yi wata guda ba aka zo aka kira ta. Fenta ya faɗo daga tsani a wani gidan bene, ƙafa ta karye, wuyan hannun dama ya tsage. Abokan aikin sun ce tun safe yake tangaɗi, sun hana shi hawa ya ƙi.

Kwana shida tana zaune a gefen gadonsa a asibiti, ba ya ce mata komai sai sannu. A rana ta bakwai, bayan an kwashe kwanonin rana, ya ce, "Inna, ni dai..." sai ya tsaya.

Ƙarshen maganar har uku suka zo mata a kan harshe. Ka yi nadama. Kana so ka bari. A kira Malama. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Wani mara lafiya ya yi tari, aka turo keken magani aka wuce, ita dai tana cije da mayafi har haƙoranta suka yi tsami.

"...ki samo mini biro da takarda," ya ce. "Cikakkiya."

Ta samo. Ya ɗora a kan cinyarsa, ya ja layi a tsakiya da hannun hagu, layin ya tafi a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ƙarasau ta juya kujerarta ta fuskanci taga, ba ta waiwayo ba har ya ninke.

Yanzu yana zuwa wajen Malama duk Laraba, da sanda. Hannun ya warke, amma ba ya jan layi kamar da, sai ya manna tef kamar kowa. Matarsa ba ta dawo ba tukuna. Takardar tana aljihunsa, kuma uwarsa takan ce ya fitar da kayansa da kansa kafin ta jiƙa wando.

Darasin da ke cikin wannan labari namu ne, iyaye da 'yan uwan masu fama da shaye-shaye. Tsoro ne yake sa mu yawan magana, amma sauri yakan haifi nawa, kuma garin neman gira akan rasa ido. Ba a ara wa mutum niyya. Dalilin da zai sa ya bari sai ya fito daga bakinsa kafin ya zauna a zuciyarsa. Mu kai su wurin masu sanin aikin, mu riƙe musu sirri, kada mu mayar da maganarsu bulalar dukansu. Idan kuma ɗanki ya fara magana ya tsaya, ki daure ki jira, ko da mayafi za ki cije. Ƙarshen maganar nasa ne.