Dilolin da Malam Ilu Ya Sauke

Akwai wani dattijo mai suna Malam Ilu, ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda ya daɗe yana saro yadi daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Jarinsa bai isa cika kwantena ba, don haka kullum haɗa kaya yake yi da wasu.

Mahaifinsa ya tafi aikin hajji a ƙasa, zamanin Turawa. Guzuri ya ƙare masa a hanyar dawowa, sai ya yada zango a Aden ta ƙasar Yaman, ya yi shekaru yana dakon gishiri da gawayi a tashar jiragen ruwa. Bai komo gida da dukiya ba, sai tari da labarai. Malam Ilu ya manta da yawansu, amma ɗaya ya zauna masa.

A wata shekara, gabanin azumi, su uku suka haɗa kwantena a wani sito kusa da unguwar Baiyun. Akwai Alhaji Abdulrasheed, matashi mai ƙarfin jari, wanda ya riga ya cika kwantena guda shi kaɗai da wandunan jins na garin Xintang, ya kawo ragowar cikin tasu. Akwai kuma Hajiya Fasuma daga Maradi. Wannan ne zuwanta na farko tun rasuwar mijinta, kuma duk abin da ta mallaka ta zuba shi a kayan Sallah na yara da ta saro a kasuwar Shisanhang.

Ana shirin rufewa, sai mai siton, wani Basine da suke kira Lawban, wato maigida, ya dubi sikeli ya girgiza kai. Kwantenar ta wuce nauyin da tashar jiragen ruwa ke karɓa. Alhaji Abdulrasheed ya duba fili ne kawai da ya ƙaro kayansa, bai yi la'akari da cewa jins nauyi gare shi ba.

Malam Ilu ya tambaya ko akwai wata kwantena mai sauran wuri.

Lawban ya ce, "Meyo." Babu.

Direban motar da za ta ɗauki kwantenar ya ce in bai tashi kafin la'asar ba, jirgi zai bar su. Jirgin kuwa shi ne na ƙarshe da zai isa kafin Sallah.

Alhaji Abdulrasheed ya ce, "Ai ba abin tsayawa ba ne. Hajiya ce ta zo ƙarshe, nata kuma ya fi ƙanƙanta. A sauke nata, ta bi jirgin gaba."

Kayan yara ba su da nauyi. Kafin sikeli ya sauko, sai an fitar da katan-katan ɗinta duka.

Hajiya Fasuma ta ce, "Alhaji, wa zai sayi rigar Sallah bayan Sallah? In suka kwana a nan, ni ma na ƙare."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Kasuwa ce."

Ya yi wa 'yan dako nuni. Suka fara jawo katan na farko. Ta dafa shi da hannu biyu.

Malam Ilu ya ce, "Ku dakata." Sannan ya juya ga Alhaji. "Mahaifina ya ce a Aden, in guguwa ta taso wa jirgi har aka zubar da kayan wani a teku don a tsira, to, ba asararsa ba ce shi kaɗai. In an iso gaɓa, duk mai kaya a jirgin sai ya ɗauki rabonsa na asarar, domin da kayan wancan aka ceci nasa. Mu yi haka. Kowa ya rage kaɗan."

Alhaji Abdulrasheed ya yi dariya. "Baba, nan Guangzhou ne, ba Aden ba. Zancen jirgin katako kake kawo mana? Ko wando ɗaya ba zan sauke ba."

Direba ya tayar da mota, yana duban agogo.

Malam Ilu ya dubi dilolin yadinsa. Ya san masu ɗinki suna jiran yadinsa a Kano, ya kuma san in ya saɓa musu bana, wasu ba za su dawo shagonsa ba. Shekarunsa sun ja, ba shi da lokacin tara sababbin abokan ciniki.

Ya ce wa 'yan dako, "Ku mayar da nata. Ku sauke nawa."

Hajiya Fasuma ta ce, "Baba, kada ka yi haka saboda ni."

"Yadi yana jira, 'yata. Rigar yaro ba ta jira."

Aka yi ta sauke dilolinsa, yana tsaye yana kallo, har fiye da rabi suka fito kafin sikeli ya daidaita. Aka rufe kwantena, mota ta tashi.

Bayan 'yan makonni, labari ya zo cewa gobara ta tashi a jirgin a tsakiyar teku. An kashe wutar, ba a rasa rai ba. Kwantenar da suka haɗa ta tsira. Amma ruwan da aka yi ta feshi da shi ya shiga kwantenar da Alhaji Abdulrasheed ya cika shi kaɗai, wadda ita ma ke cikin jirgin, ya jiƙa jins ɗin sharkaf, suka yi fumfuna kafin a iso gaɓa. Bai yi wa kayan inshora ba.

Ya kwana biyu bai fita kasuwa ba. Daga nan wakilin kamfanin jirgin ya yi masa bayanin da bai zata ba. Tunda da gangan aka zuba ruwan don a ceci jirgi, za a raba asarar a kan duk masu kaya a cikinsa. Dokar nan ta mutanen da can tana nan, manyan jirage ma da ita suke aiki. Kowa zai sa hannu cewa ya yarda ya ɗauki rabonsa kafin a ba shi kayansa.

Hajiya Fasuma ta sa hannu, ta karɓi nata, suka isa Maradi ana goman ƙarshe na azumi. Kafin jajibere ta sayar da su kakaf.

Alhaji Abdulrasheed ya tako har shagon Malam Ilu, wanda rabin kantarsa ke wayam. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, an ce har da kai a cikin masu ɗaukar asarata."

"Har da ni. Har da Hajiya ma."

"Ranar nan na yi maka dariya. Ban san da wace fuska zan dube ka ba."

Malam Ilu ya miƙa masa kujera. "Tashi, Alhaji. Ba alheri na yi maka ba, haƙƙinka ne. Da jins ɗinka aka ceci yadina."

Alhaji ya daɗe yana kallon rabin kantar da babu komai a kansa. Sannan ya ciro waya, ya kira Lawban a Guangzhou, ya ce dilolin Malam Ilu su fara shiga kwantenarsa ta gaba, kafin a sa ko wando ɗaya nasa.

Darasi: In nauyi ya yi yawa, kada ka nemi wanda ya fi kowa rauni ka ɗora masa asarar shi kaɗai. Ka ɗauki rabonka, domin ba ka san ranar da kayanka ne za su jiƙe ba. Ku tura wa 'yan uwa masu haɗa kaya da masu haɗa jari, ko Allah zai sa wani ya tuna kafin ya ce a sauke na wani.