Akushin Waziri Barau da Karen Sarki

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani Sarki mai son farauta, yana da wani baƙin kare ana ce masa Duna. Wata rana a dawa ɓauna ta taso wa Sarki, mutane suka watse, Duna ne kaɗai ya tsaya ya ɗauke mata hankali har aka harbe ta. Da aka komo gida Sarki ya sa aka yi shela cewa ya danƙa karen a hannun Sarkin Dawa Cindo, shugaban mafarauta, kuma duk abin da ya sami Duna, a wuyan Cindo yake.

Tun daga ranar, kullum aka zauna fadanci, Sarki ba ya tambayar kowa kome sai ya ce, "Cindo, yaya Duna ya kwana?" Wannan abu ya tsaya wa Waziri Barau a rai. Shi Barau mutum ne mai hankali, amma in aka yabi wani a gabansa, ranar ko tuwo ba ya wuce masa.

Ya bincika, ya ji abin da Cindo ke ba karen: tuwon dawa ba miya, nama dafaffe ba gishiri ba ƙashi, ɗan kabewa, da ruwa mai kyau. Ya ce a ransa, "Karen Sarki ne ake ba abincin fursuna? Bari in nuna musu karamci. Ran da Duna ya bar Cindo ya biyo ni a gaban jama'a, Sarki zai san wa ya iya riƙo."

To, a garin nan in kana son girmama babba, akushi kake aika masa. Barau ya riƙa kai wa Duna akushi a ɓoye: farfesun kaza da ƙasusuwanta, ya sha albasa da tafarnuwa da yaji, a gefe ga zabibi. Har goro yake dakawa ya barbaɗa, wai ba a karrama baƙo ba goro. Kare kuwa me ya sani? Ya lashe tas.

Ba a daɗe ba Duna ya kwanta. Sai amai, fitsarinsa ya yi ja, dasashinsa ya yi fari. Barau bai ko kawo a ransa cewa akushinsa ne ba. Murna ma ya yi, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yunwa ce. Cindo ya mai da karenka maraya."

Sarki ya fusata, ya sa aka tsare Cindo, ya ce in Duna ya mutu za a tuɓe masa rawani a kore shi daga ƙasar.

Alƙali Malam Mudi ya je wurin Cindo. Cindo ya ce, "Allah gafarta malam, na ga tsinken ƙashin kaza da albasa a cikin amansa, ni kuwa ban taɓa ba shi ba. Albasa da tafarnuwa jinin kare suke ci, zabibi ya lalata masa ƙoda, goro ya sa zuciyarsa bugawa, dafaffen ƙashi ya tsaga hanji. Amma wa zan nuna? Ba ni da shaida."

Alƙali ya ce, "Mai wannan girki ba matalauci ba ne. Bar ni da shi."

Kashegari fada ta cika, Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, na gano akwai wanda ya daɗe yana ciyar da Duna abincin sarakuna a ɓoye, kaji da zabibi har da goro, bai nemi a gode masa ba. Ya kamata Sarki ya san mutumin nan. Ina jin dai Cindo ne."

Barau ya ji kamar an watsa masa garwashi. Ya yi zumbur ya miƙe, har rawani na karkacewa. "Cindo? Ina Cindo ya ga zabibi? Ni ne! Da hannuna nake daka goron!"

Alƙali ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ya kwantar da karen ke nan." Ya zayyana wa Sarki abin da Cindo ya faɗa masa.

Sarki ya dubi Barau ya ce, "Waziri, na yarda ba kisa ka nufa ba. Me ya hana ka tambayi Cindo?"

Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, da in tambaye shi, gara in haɗiye garwashi."

Sarki ya ce, "Wanda ba ya iya tambaya ba ya iya ba Sarki shawara. Ajiye rawanin."

Aka saki Cindo, ya yi ta jinyar Duna da romo marar gishiri har ya miƙe. Sarki ya hana kowa miƙa wa karen ko loma sai da izinin Cindo, ya kuma yafa wa Cindo alkyabba.

Barau yana zaune a zaurensa, kai ba rawani, ya ji kiɗa na wucewa. Aka gaya masa ai Cindo ake rakawa gida da alkyabbar da Sarki ya yafa masa. Ya ɗago ya ce, "Alkyabbar, ta kai tawa kyau?"

Iyakar abin da ya zo mana na labarinsu ke nan. Allah ya raba mu da ciwon da ba ya jin magani.