Jiragen Tsibirin Gungu

Wannan labari ba nawa ba ne, na marigayi maigidana ne, Malam Zubairu, Allah ya jiƙan sa. Shi malamin lissafi ne, ni kuwa a firamare na tsaya. Yakan ba ni shi a tsakar gida, yana zane a ƙasa da tsinke. Yadda na ji haka zan faɗa.

A zamanin da, an yi wani Sarki mai mulkin wani tsibiri a tsakiyar babban kogi, ana ce wa tsibirin Gungu. Wata shekara ruwa ya yi ta hauhawa har masana kogi suka tabbatar zai shafe garin. Dole a tashi, kuma tafiya ɗaya ce, domin jirgin da ya bi wannan igiyar ruwa ba ya iya komowa sai rani. Mutanen gari ɗari biyu da hamsin ne. Tsofaffin jiragensu kuwa ruwan farko ya kwashe su.

Sarki ya tara fada ya ce, "Me muke da shi?"

Sarkin Masassaƙa Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninka, gumagumai talatin ne suka rage. Babban jirgi yana cin uku, ya ɗauki mutum ashirin har da matuƙinsa. Kwalekwale yana cin ɗaya, ya ɗauki goma. A sassaƙa manya, su ne darajar sarauta."

Sarkin Ruwa Gwadabe ya yi tsaki. "Daraja za mu hau ko jirgi? Manya goma za ka samu, mutum ɗari biyu ke nan. A yi ƙanana, ranka ya daɗe."

Jatau ya ce, "To matuƙanka nawa ne, mai baki?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Matuƙan da suka san hanyar duwatsun kogin su ashirin ne kawai, kuma kowane jirgi sai da ɗayansu. Kwalekwale ashirin, mutum ɗari biyu. Duk inda aka juya, hamsin ne za su rage.

To, a garin akwai wata tsohuwar al'ada: idan jirgi bai isa ba, tsofaffi ne suke zama. Ba a tilasta musu, su da kansu suke fita. Kafin Sarki ya buɗe baki, tuni tsofaffi hamsin sun yi wanka, kowa ya ɗauko likkafaninsa, sun zauna a gindin tsamiyar ƙofar fada. A cikinsu akwai Inna Tabawa, mahaifiyar Waziri Barmo.

Sarki ya ce, da murya mai nauyi, "Al'ada ta yanke. A fara sassaƙa."

Waziri ya matso. Mutum ne da ya daɗe yana karatun hisabi wurin malaman rabon gado. Ya ce, "Allah ya taimake ka, a dakatar da gatari har in yi magana. Shawarar Jatau ta bar matuƙa goma ba jirgi. Shawarar Gwadabe ta bar gungume goma a kwance. Ta yaya za mu bar iyayenmu ga ruwa, alhali muna da abin da bai yi aiki ba?"

Ya fita gindin tsamiya, Sarki da fadawa suna biye. Ya jera tsakuwa ashirin a ƙasa, ya ce su ne ƙananan jirage. Ya ajiye ƙwallon dabino goma a gefe, ya ce su ne gumaguman da suka rage.

Inna Tabawa ta ce, "Kai yaron nan, kada ka zo ka rarrashe ni da wasan tsakuwa. Na riga na yafe wa kowa."

"Ki dai duba, Inna." Ya ɗauki ƙwallon dabino biyu ya ɗora wa tsakuwa ɗaya. "Wannan ƙaramin ya zama babba. Matuƙinsa na nan, amma ya ƙara ɗaukar mutum goma. Tsofaffi goma su tashi."

Ba wanda ya motsa. Sarki ya ce, "Ku tashi." Goma suka miƙe, suna kallon juna.

Waziri ya sake ɗora biyu, goma suka tashi. Ya sake, ya kuma sake. A karo na biyar ƙwallon dabino suka ƙare, kuma babu sauran wanda ke zaune a gindin tsamiya sai Inna Tabawa, wadda ta ƙi tashi tare da 'yan goman ƙarshe. Manya biyar, ƙanana goma sha biyar. Gungume talatin daidai, matuƙi ashirin daidai, mutum ɗari biyu da hamsin.

Gwadabe ya ce, "Subhanallahi! Tun safe wurinsu yana cikin itacen nan, ba mu gani ba."

Jatau ya ce, "To ai sai a ƙara babba na shida, mu sami sarari."

Waziri ya ce, "Gwada." Jatau ya durƙusa, ya ga sai ya rushe ƙanana uku kafin ya sami babba ɗaya. Mutum goma suka rasa wuri. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

Sai Waziri ya ja layi biyu a ƙasa. "Wannan iyakar itace ce, wannan iyakar matuƙa. Ba mu da ikon tsallake ko ɗaya. Mafi yawan abin da za mu samu yana nan inda suka haɗu. Taku ɗaya dama ko hagu, an bar rai."

Sarki ya daɗe yana kallon mahaɗar layukan nan. Sannan ya ce, "Shekara nawa muna barin iyayenmu, ba wanda ya zauna ya lissafa? Daga yau na kashe wannan al'ada. Ba a sake barin kowa sai an jera tsakuwa."

Inna Tabawa ta ce, "Ni dai sai na ga kowa a jirgi." Haka kuwa aka yi. Ranar tashi ta tsaya a bakin ruwa tana ƙirga mutane, sai da ya rage wuri ɗaya tak, sannan ta shiga. Likkafanin nata ta naɗe shi ta zauna a kai, ta ce katakon Jatau yana da tauri.

Malam yakan tsaya a nan, ya nuna mahaɗar layin da tsinkensa, ya ce min wannan shi ne abin da yake koya wa ɗalibansa, sai dai su da alli suke yi. Rannan na zauna inda yake zama, na jera tsakuwa ashirin da ƙwallon dabino goma, ina tsoron ko na manta. Na ɗora bibbiyu yadda yake yi. A karo na biyar hannuna ya wofinta, kowa ya sami wuri. Na bar su a jere, na hana a share wurin.