Wushiryar Sabri

Akwai wani saurayi a garin Damanhur na ƙasar Masar mai suna Sabri, wanda Allah ya ba murya. Duk inda aka kafa rumfar makoki a unguwarsu, shi ake ɗorawa a kujerar karatu, ya ja Alƙur'ani har dattawa su riƙa share ido da hannun riga.

Mahaifiyarsa, Hajiya Nawal, ta daɗe tana fama da ciwon zuciya. Wasiyyarta ɗaya ce: "Ranar da na tafi, kai za ka yi karatu a rumfata. Kada a ɗauko min baƙo."

Sabri yana da wushirya irin tata sak. Ba ta taɓa damunsa ba sai da karatunsa ya fara yawo a intanet, wani ya rubuta: "Malam, rufe tagar nan, iska na shigowa." Masu yabo ba sa ƙirguwa, amma maganar mutum ɗayan nan ce ta zauna masa a rai.

Sai ya ci karo da bidiyon da ake yayi: a ɗaure haƙoran gaba biyu da 'yar robar kitso, su haɗe da kansu. Ya ɗaura.

Ranar Juma'a ana cin shinkafa da miyar lalo, 'yar ƙanwar Hajiya, Afaf, wadda likitar haƙori ce, ta ƙura masa ido.

"Yaya Sabri, kitso kake wa haƙoran?"

"Ci abincinki, Dakta. Abin da kuke ɗaure mutum da waya shekara da shekaru a kansa, roba ta kusa gamawa."

"Haƙori ta wajen saiwa yake tsukewa. Robar nan sama za ta bi, ta shige dasashi. Don Allah cire ta, ka zo in duba."

"Kasuwa dai kike nema."

Hajiya ta ce, "Gadona kake rufewa, ɗan nan? Da wushiryar nan na kama ubanka."

Kowa ya yi dariya, ban da Afaf.

Wata safiya ya tashi bai ga robar ba. Ya ɗauka haɗiye ta ya yi, ya ɗaura wata. Wushirya ta rufe ruf, har ya tura wa Afaf hoto don tsokana.

Bayan 'yan watanni asuwakinsa ya fara fitowa da jini. Dasashi ya kumbura, haƙoran biyu suka yi tsawo, suna motsi. Kunyar Afaf ta hana shi zuwa, ya koma kuskure baki da ruwan gishiri da kanumfari. Sai ranar da gurasa ta gagare shi gutsura ya kai kansa.

Afaf ta tsaga dasashin, ta zaro robar farko can kusa da ƙarshen saiwa, ta yi baƙi ƙirin. Robar ta cinye ƙashin da ke riƙe haƙoran.

"Ba za su tsaya ba, Yaya," ta ce, idonta cike da hawaye. "Da ka zo da wuri."

Ta cire duka biyun. Ɗinkin bai warke ba Hajiya Nawal ta rasu.

Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, kowa ya san wasiyyar. Sabri ya hau, ya gyara zama, ya fara a'uziyya. Harshensa ya nemi haƙoran da ya saba dogara da su, bai same su ba. Haruffa suka zube, iska kawai ke fita. Ya sake, bai yiwu ba.

Ya sauko. Aka aika unguwar gaba aka ɗauko wani makaranci.

Sabri ya zauna a layin masu karɓar gaisuwa, hannunsa a kan baki, yana sauraron baƙo yana yi wa mahaifiyarsa karatu.

Darasi: Mai bidiyo bai ga cikin bakinka ba, kuma ba shi zai zauna da asarar ba. Haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa, don haka a kai shi wurin likita, kada girman kai ya sa a makara. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gwada irin wannan a gida.