Kitson Azumi da Gafakar Waziri

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, sunansa Haliru, mutum ne mai adalci a tsakanin talakawansa, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin mai ƙara da wanda ake ƙara, ko da kuwa shari'ar akuya ce da ta ci dawar maƙwabci. Aibinsa guda ne, wato wannan haƙuri nasa a zauren fada yake tsayawa, ba ya bin sa zuwa cikin gida, kuma aibi ne da na ga manya da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, Azumi, mai shekara tara. Yana sonta kamar ransa, amma da yake 'yar fari ce, kunya ba ta barin sa ya kama sunanta ko ya zaunar da ita su yi magana, sai dai ya ce "yarinyar nan", in kuwa yana da saƙo ya aika ta bakin wani. Kwana biyu kafin ciwon ajali ya kwantar da uwar, ta yi wa Azumi kitson doka da hannunta. Tun daga ranar yarinya ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai ba, har wata bakwai, kitso ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ɗankwali, aka yi lallashi aka yi faɗa, aka gaji aka ƙyale ta.

Akwai wata Malama Rakiya, 'yar Limamin gari, wadda mijinta ya rasu, tana zuwa kowace safiya ta koya wa 'yan matan gidan sarki karatun allo. Sarki ya ga natsuwarta da kamun kanta, ya aika wa Liman yana neman aurenta, Liman ya amsa, har aka kai goro. To, ran da labari ya shiga cikin gida sai Azumi ta sauya. Ita da ta saba zama gab da gwiwar Malama, sai ga shi da ta ji sallamarta ta zura da gudu ta ɓuya a bayan rumbu. Wata rana Malama ta same ta ta ce ta zo ta tsefe mata kai, yarinya ta riƙe ɗankwali da hannu biyu, ta fashe da kuka ta gudu.

Abin ya dami sarki, ya kira Jakadiya Yalwa, tsohuwar da ke kai saƙonsa cikin gida, wadda kuma ita ke yi wa Azumi tatsuniya tun tana rarrafe. Jakadiya ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, labarin zuciya a tambayi fuska. Na san tatsuniya ta fi ɗari, ban taɓa jin wadda marainiya ta yi murna da matar uba ba. Ko a aike ta rafi mai nisa, ko a ba ta ƙanzo a ba wasu tuwo. Yarinya ta san abin da ke tafe, shi ya sa take gudu."

Sarkin da ke ɗage shari'ar akuya har sau uku don a kawo shaida, bai kwana a kan wannan magana ba. Kafin la'asar ya aika wa Liman da ban haƙuri cewa ya janye. Ya yi haka ne don ƙaunar 'yarsa, zuciyarsa na ciwo, yana zaton ya yi babbar sadaukarwa. Malama Rakiya kuwa, mace mai sanin darajar kanta, ba ta sake taka gidan sarki ba.

Sarki ya zuba ido ya ga yarinya ta warware. Maimakon haka sai ta daina cin abinci in ban da kurɓar kunu, kullum da safe ta ɗauki allonta ta zauna a ƙofar soron da ake karatu, ta yi ta kallon hanya har rana ta yi tsaka. Da aka kwana goma wuyanta ya rame, sarki ya tara manyan fadarsa ya ce, "Ya ku ma'abota shawara, ga mas'ala. Mutum ya ga ƙaya a ƙafar ɗansa, ya daure ya cire ta, sai ƙafar ta fi da kumbura. Ku gaya mini dalili, domin ƙafar nan a gidana take, kuma ina tsoron in rasa ta." Sannan ya bayyana musu al'amarin duka.

Wani ya ce sammu ne, matar ta bar abu a soron, a tona. Wani ya ce shagwaɓa ce ta 'ya'yan sarakuna, yunwa za ta yi maganinta. Waziri Isiyaku kaɗai bai ce uffan ba. Tsoho ne mai furfura, wanda ba ya rabuwa da wata tsohuwar gafaka ta fata da yake zuba takardunsa, ta sha faci har fadawa na yi masa ba'a cewa ta girmi ganuwar birni. Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, shirunka ya yi yawa."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, shiru ne ya kawo mu nan, don haka bari in karya nawa. In ka yi mini izini zan ba da labarin gafakar nan, wanda ban taɓa ba kowa ba."

Sarki ya yi masa izini, ya ce, "Ina ɗan shekara takwas mahaifina ya rasu, ni ne kuwa ɗan farin mahaifiyata. Bayan ta fita takaba, wani baduku mai suna Ɗanjuma ya fara neman ta, mutum mai fara'a, hannunsa kullum da ƙanshin jima. Na so mutumin nan so mai tsanani, har nakan kwanta ina gwada kiran sa Baba a cikin zuciyata. Amma da na hango shi tafe sai kunya ta rufe ni, in haye bishiyar ɗorawa in yi ta leƙensa ta cikin ganye. Ran nan ya kawo mini gafakar nan, ya ɗinka ta da hannunsa. Don tsoron kada yara su gani su fara kirana agola, sai na ɓoye ta a ƙarƙashin rumbu, ina zuwa in shafa ta in mayar. Mahaifiyata ta ga ina gudu, ta nemi gafaka ba ta gani ba, ta ɗauka na jefa ta a rijiya don ƙiyayya. Ba ta iya tambayata ba, ni ma ban iya gaya mata ba. Ta sallami Ɗanjuma, ya bar garin. Ta zauna shekara talatin da ɗaya ba aure, tana sussuka da kaɗi ta ciyar da ni. Ni kuwa duk zatona ita ce ba ta son sa, har na ɗan riƙe ta a zuci. Sai ran sadakar bakwai ɗinta goggona ta ce mini, 'Kai ne fa ka hana ta.' Ranka ya daɗe, da na sani ƙeya ce, tawa kuwa shekara ashirin ke nan ina waiwayenta."

Waɗanda suka saba yi wa gafaka dariya suka sunkuyar da kai. Waziri ya ce, "Ban ce ciwon yarinya irin nawa ne ba, domin in na faɗi haka na yi abin da Jakadiya ta yi. Abin da na ce shi ne, an yi shari'a ba a ji ta bakin mai ita ba. Ni tsoho ne, tsakanina da ita wasan kaka ne, babu kunya. Ka tsaya a bayan zana ka saurara."

Washegari da hantsi Waziri ya sami Azumi a ƙofar soro, ya zauna a ƙasa kusa da ita yana nishi irin na tsofaffi, ya ce, "Amaryata, kin rame haka wa zai daka mini fura? Zo in yi miki tatsuniya, ko da yake rana ce. Ga ta nan, ga ta nanku."

Yarinya ta amsa a hankali, "Ta zo mu ji ta."

Ya ce, "Wata yarinya ce uwarta ta rasu, ubanta zai auri wata mata. Yarinyar nan kuwa da ta ji labari sai daɗi ya kama ta."

Azumi ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ba ka iya ba. Babu irin wannan."

"Don me babu?"

"A duk na Jakadiya, marainiyar kirki kuka take yi. Matar uba ta wahalar da ita, ita kuma ta yi ta tuna uwarta. Wadda ta yi murna ai ta manta da uwarta ke nan." Sannan ta ce, "Ni da aka ce Malama za ta dawo gidanmu, daɗi na ji, Kaka. Har na yi dariya ni kaɗai. Sai na tuna Inna, na ji tsoro kada ta ce na sake ta. In na ga Malama sai daɗin ya dawo, shi ya sa nake ɓuya don kada a gani a fuskata."

Waziri ya ce, "To, kitson fa?"

Ta ce, "Kaina yana ciwo, har ba na iya kwanciya ta wannan gefen. Na so ta tsefe. Amma shi kaɗai ya rage wanda Inna ta taɓa." Sai ta kama hannun rigarsa ta ce, "Kaka, ni na kore ta ko? Ka ce wa Baba na daina gudu."

Sarki yana bayan zana yana ji, hawaye ya jiƙa masa amawali, kuma ko a wannan hali bai iya fitowa ba. Nan take ya aika Waziri wurin Liman a maido da maganar aure. Liman ya karɓe shi da girmamawa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, bakin alƙalami ya bushe. Kwana uku da janyewarsa wani malami daga gabas ya nema, na ba shi, ita ma ta amsa, Juma'ar nan za a ɗaura su tafi. Magana zarar bunu ce, sarki ya janye tasa, ni ba zan janye tawa ba."

Wasu fadawa suka ce ai sarki ne, kalma ɗaya ta isa a fasa. Sarki ya ce, "Na zalunci matar nan sau ɗaya da gaggawa, ba zan ƙara zaluntarta da iko ba." Abin da ya roƙa kawai shi ne a gaya mata abin da yarinya ta faɗa.

Ran Alhamis da sassafe sai ga sallamar Malama Rakiya a ƙofar soro, da mataji da man shanu a ƙoƙo. Azumi ta miƙe kamar za ta gudu, sai ta tsaya, ta cire ɗankwalin da kanta. Malama ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta yi ta warware gashin nan sili-sili tun hantsi har azahar, ta wanke, ta shafa mai, sannan ta yi mata doka irin ta da, layi bisa layi, domin ta lura da yadda uwar ta tsaga kafin ta tsefe. Da ta gama, Azumi ta shafa kai ta ce, "Malama, wannan kuma wa zai tsefe mini?"

Malama ta ce, "In ya tsufa ki ba duk mai hannu mai sauƙi. Innarki ba ta ce ki sha ciwo dominta ba, ni ma ban ce ba. Kuma duk wanda kika ji daɗinsa a duniya, ki gaya masa tun yana kusa." Ta sa aka kawo tuwo, ta zauna har yarinya ta cinye, ta yi sallama ta tafi. Azumi ta warke ta yi ƙiba, amma ba ta sake ganin Malama ba, sarki kuma ya daɗe bai sake neman aure ba.

Da fada ta cika ran Asabar, sarki ya sa aka yafa wa Waziri alkyabba, ya ba shi ingarman doki da gona a bakin fadama, da sabuwar gafaka mai ado. Jakadiya kuwa bai hukunta ta ba, domin abin da ta gada ta faɗa, sai dai ya umarce ta ta ƙara labarin Azumi da na Waziri a cikin abin da take ba yara. Waziri ya yi godiya ya karɓi kyauta duka, in ban da gafakar, ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da tsohuwar. Mai ita bai taɓa jin na gode daga bakina ba, riƙon nan shi ne abin da ya rage mini."

Sarki ya ce, "Hikimarka ba ta makara ba, Waziri, ni ne na riga ta yanke hukunci." A ranar da yamma aka ga abin da ba a taɓa gani ba a gidan, sarki ya zauna a ƙofar soro kusa da 'yarsa, bai kama sunanta ba, amma ya tambaye ta ko kitson ya yi mata tsauri.

Masu hikima sun ce, adalcin da bai shiga gida ba rabi ne, kuma wanda ya yi shiru ma yana da ƙara, kada a yanke masa hukunci da labarin wani sai an ji nasa.